Jini ya ƙi tsayawa bayan shan Primolut N: maganin ne ko yadda ake sha?

'Yar Agege

Assalamu alaikum. Likitoci da sistoci na wannan zaure, a taimaka mana da bayani. Tambayar a kan ƙanwata ce, amma ba ita kaɗai ba ce, don a unguwarmu Primolut N ya zama kamar Panadol: mai jini da yawa shi, wadda al'adarta ta yi jinkiri shi, mai son cika azumi talatin ma shi.

Shekarunta 34, haihuwa uku, ta yaye na ƙarshen tun bara, ba ta kan kowane irin tsarin iyali. A da, al'adarta kwana biyar take yi. Wata bakwai ke nan abin ya koma kwana tara zuwa goma, da gudaji, kwana biyun farko kuwa sai ta haɗa audugar mata biyu, duk da haka ta ɓata zani. Wani mai kemis ya ba ta Primolut N, ya ce ɗaya safe ɗaya yamma, in jini ya tsaya ta ajiye. Ya tsaya a kwana biyu. Ta ajiye, bayan kwana uku ya dawo, ta sake ɗauka. Yau kusan wata guda ana wannan ja-in-ja, lissafin sallarta ya rikice mata, kuma hawan bene ɗaya sai haki.

Maganin ne bai karɓe ta ba, ko jabu aka sayar mata? Wasu sun ce ta yi allurar wata uku jinin ya ɗauke gaba ɗaya ta huta. Ga shi kuma tana da niyyar Umara a goman ƙarshe na azumi, tana son sanin yadda ake sha don a dakatar da jinin.

Likitan Mata

Wa alaikumus salam, Hajiya. Abin da kika faɗa bai nuna jabu ba. Maganin yana aikinsa, yadda aka ce ta sha ne ba daidai ba.

A cikin mahaifa akwai wata shimfiɗa mai laushi cike da ƙananan jijiyoyin jini, wadda jiki ke ginawa duk wata yana jiran ciki. Homon biyu, wato sinadaran da jiki ke samarwa da kansa, ke kula da ita. Istirojin ne ke ƙara mata kauri a rabin farko na wata. Bayan ƙwai ya fito sai furojestaron ya karɓa, ya riƙe ta. In ciki bai shiga ba furojestaron ya faɗi, shimfiɗar ta zube, haila ke nan. To abin da ke cikin Primolut N, wanda za ki ga an rubuta norethisterone a jikin kwali, miligiram 5 kowace ƙwaya, furojestaron ne na haɗi. Muddin ana sha, shimfiɗar na riƙe. Ranar da aka ajiye an zare mata ginshiƙi, cikin kwana biyu zuwa huɗu dole ta zube. Duk lokacin da ƙanwarki ta sha na kwana biyu ta ajiye, ita da hannunta ta jawo wata ƙaramar haila. Sha-ajiye, sha-ajiye har wata guda, shi ne jinin nan da ya ƙi ƙarewa.

Maganin ɗaya ne, amma shansa iri uku ne. Don tsayar da jinin da ke zuba yanzu: ƙwaya ɗaya sau uku a rana, kwana goma cif. Yawanci jinin kan tsaya cikin kwana ɗaya zuwa uku, kuma ba a ajiyewa don ya tsaya, sai an cika goman. Bayan an gama da kwana biyu zuwa huɗu jini zai zo. Wannan ba ciwon ne ya dawo ba, shi ake ƙirgawa a matsayin ranar farko ta sabuwar al'ada. Don rage yawan jini a watanni masu zuwa: sau uku a rana daga rana ta 5 zuwa ta 26, ana ƙirgawa daga ranar da jini ya fara, kuma na 'yan watanni ne kafin a koma wani tsarin mai ɗorewa. Akwai tsohon salon nan na sha kwana bakwai zuwa goma a ƙarshen wata kawai; ga macen da ke yin ƙwai a kan kari, wannan bai cika rage jini ba. Na uku shi ne jinkirta haila, shi kuma sai mun ga sakamakon awo tukuna.

Ban ce ta je ta fara kwana goman yau ba. Akwai abin da ke gaba da wannan.

Gwajin ciki shi ne farko. Matar aure, ba ta tsarin iyali, jini na zuwa yana ɗaukewa: sai an tabbatar ba ɓari ba ne, ba kuma ciki a wajen mahaifa ba, kafin a yi maganar homon. Tsinken gwaji da fitsarin safe ya isa a fara da shi. A kuma sani ba a dogara da Primolut N wajen hana ɗaukar ciki, ko da yake mata da yawa suna zaton yana hanawa. Sai awon hawan jini. Sai awon yawan jini, PCV. Hakin nan na hawan bene shi ya fi damuna a duk bayanin. PCV ƙasa da 36 ga mace ƙarancin jini ne. Sai hoton mahaifa, da likita ya duba bakin mahaifar da idonsa.

Dalilin hoton: macen da ta yi shekaru tana kwana biyar, rana tsaka abin ya koma goma da gudaji, akwai abin da ya canja a ciki. Wanda ya fi yawa a matanmu shi ne faibiroid, ƙarin da ke tsirowa a naman mahaifa, musamman wanda ya turo cikin ramin mahaifar. Akwai ɗan tsiro mai laushi da ke fitowa a jikin shimfiɗar. Akwai shimfiɗar da ta kutsa cikin naman mahaifa, ita takan zo da ciwon mara mai tsanani. Wani lokaci kuma matsalar daga tayirod ce, wadda ke gaban wuya, sai gwajin jini ya nuna. Waɗannan ƙwayoyi ba sa narkar da faibiroid, ba sa cire tsiro. Suna iya rufe alamar wata da watanni alhali abin na nan yana girma.

Akwai waɗanda ba a fara musu da ƙwaya ko kusa sai an bincika: wadda ta shekara guda da daina haila sai jini ya dawo, wadda ke ganin jini bayan saduwa ko tsakanin haila biyu, da 'yar shekara 45 zuwa sama da jininta ya rikice. Su akan buƙaci ɗebo ɗan abu daga shimfiɗar ko bakin mahaifa a auna, saboda sankara. Budurwar da tun hailarta ta farko jini ke malala, ga haɓo, ga dasashi na zubar jini, ita kuma daskarewar jininta ake aunawa.

Sannan ba kowane yawan jini ke buƙatar homon ba. Akwai tranexamic acid: giram 1, wato ƙwaya biyu 'yan miligiram 500, sau uku a rana, a kwanakin da jini ya fi yawa kawai, kada ya wuce kwana huɗu. Ba ya taɓa lissafin wata, ba ya hana ciki. Aikinsa shi ne hana gudan da jiki ya toshe bakin jijiya da shi saurin narkewa. Wadda ta taɓa samun daskarewar jini a jijiya ba ta sha. In akwai ciwon mara, mefenamic acid miligiram 500 sau uku bayan cin abinci daga ranar farko yana rage ciwo, yana ɗan rage jinin ma, amma ba na mai olsa ko ciwon ƙoda ba ne, mai asma kuma sai da hattara.

Daga Agege, Babban Asibitin Orile-Agege ne kusa da ku. In abin ya fi ƙarfinsu za su tura ta LASUTH, asibitin koyarwa na jami'ar jihar Legas, a Ikeja.

Mai Famasi

Likita ya gama da nasa ɓangaren, bari in taɓa namu na kanta.

Hajiya, Primolut N maganin takardar likita ne, lasisin mai kemis bai kai nan ba. Kuma akwai abin da ba a faɗa wa masu saye: in aka sha miligiram 15 a rana, jiki na juya wani ɓangarensa zuwa irin istirojin ɗin da ke cikin ƙwayar tsarin iyali. Shi ya sa tambayoyin da ake wa mace kafin a ba ta ƙwayar haɗin homon biyu, su ne ya kamata a yi mata kafin a ba ta wannan.

Ƙwayar haɗi ita ce irin su Microgynon da Levofem. Da hana ciki aka san ta, amma tana cikin magungunan al'ada masu amfani ƙwarai: tana rage jini, tana rage ciwon mara, tana daidaita wata. A fakiti mai 28, guda 21 ne masu homon. Bakwan ƙarshe masu wani launi babu homon a cikinsu, a wasu fakitin sinadarin ƙarin jini ne, kuma a kwanakinsu jini ke zuwa. Ana sha kullum a lokaci ɗaya. A ɗaura shi da wata sallah, Isha'i ta fi, don tashin zuciyar farko-farko ya wuce cikin barci. Ɗigon jini, nauyin mama da tashin zuciya a wata ukun farko ba abin tsoro ba ne, kuma ba a cewa ta yi ko ba ta yi ba sai an gama fakiti uku. In an manta ɗaya, a sha da zarar an tuna, ko da biyu za su haɗu a rana ɗaya. In aka manta biyu ko fiye a jere, a sha ta ƙarshen da aka manta, a ci gaba, a yi amfani da kororon roba kwana bakwai. In a makon ƙarshe na masu homon ne, a tsallake bakwan nan a buɗe sabon fakiti. Wadda ta yi amai cikin awa biyu da sha ta sha wata. Yawancin kukan "ƙwaya ta rikita min jini", in aka duba fakitin, mantuwa ce.

Istirojin na ƙara wa jini saurin daskarewa, a nan haɗarin yake. Ba a ba mai hawan jini. Ba a ba wadda ta taɓa samun gudan jini a ƙafa ko huhu, ko shanyewar ɓarin jiki, ko ciwon zuciya. Ba a ba mai ciwon ɓarin kai irin wanda kafin ya zo take ganin walƙiya ko duhu-duhu a ido, ko hannu ya yi mata nauyi. Haka 'yar shekara 35 zuwa sama mai shan taba, kuma shisha ma taba ce. Haka mai sankarar mama, mai ciwon hanta mai tsanani, mai ciwon suga da ya taɓa ido ko ƙoda, mai jegon da ba ta kai sati shida ba, da wadda za a yi wa babbar tiyatar da za ta kwantar da ita. Mai shayarwa gara ta bari jariri ya kai wata shida. Mai ƙiba sosai sai likita ya auna.

Wasu magunguna kuma suna cinye ƙarfin ƙwayar a hanta: rifampicin na tarin fuka, carbamazepine da phenytoin da phenobarbital na farfaɗiya, da efavirenz cikin magungunan ƙanjamau. Mai shan ɗaya daga cikinsu tana iya ganin ɗigon jini, tana kuma iya ɗaukar ciki tana kan ƙwaya ko ashanar hannu. Allurar wata uku da robar mahaifa su ba ruwansu da wannan.

Abu uku da ake ɓata al'ada da su a Legas. Postinor-2 maganin hana ciki ne na gaggawa bayan saduwa. Mai sha sau biyu sau uku a wata ba za ta taɓa sanin ranar hailarta ba. Menstrogen da 'yan uwansa na "jawo jini": in ciki ne ba sa zubar da shi, in ciki a wajen mahaifa ne sun ɓata lokacin da za a gano kafin ya fashe. Wadda al'adarta ta yi jinkiri ta yi gwajin ciki. In babu, kuma an kai wata uku ba jini, ta ga likita, don shimfiɗar da ke ta kauri ba ta zubewa ita ma matsala ce, musamman ga mai ƙiba da gashin haɓa da kuraje, alamun PCOS, wato rikicewar homon da ke hana ƙwai fita a kan kari. Akan ba irin waɗannan mata Provera, shi ma furojestaron ne na haɗi, miligiram 10 na kwana 10 zuwa 14, bayan an auna tayirod da homon ɗin nono. Na uku Alabukun: asfirin ne da kafeyin a ciki, asfirin kuwa ƙara zubar jini yake. Mai yawan jini ta bar shi ko da mara na murɗa mata.

Batun jabu, a saya a famasi mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, in akwai wurin kankarewa a kankare a tura lambar. Ƙwayar da ta wuni a faranti cikin rana a tashar mota, ko ta gaske ce, zafi ya riga ya taɓa ta. A gida ma kada a ajiye a kicin ko cikin mota.

Sista Ungozoma

'Yar uwa, bari in amsa miki maganar allura, tunda ba wanda ya taɓa ta.

Allurar wata uku, Depo-Provera, miligiram 150 ce a tsoka duk sati 13. Sayana Press maganin ɗaya ne, miligiram 104 a ƙarƙashin fata, mace na iya yi wa kanta bayan an koya mata. Gaskiya ne jini kan ɗauke, amma ba nan take ba. Wata uku zuwa shida na farko jinin ba shi da tsari: ɗigo yau, kwana goma gobe. Sai an kai shekara kafin kusan rabin masu yi su daina gani gaba ɗaya. Ɗaukewar kuma ba taruwa jinin ke yi a ciki ba kamar yadda ake faɗa a gidan suna, shimfiɗar ce ta yi siriri, babu abin zubarwa. Abin lura: da zarar ta shiga jiki ba a cire ta, sai ta ƙare da kanta. Bayan an daina, ɗaukar ciki kan yi jinkiri, har kusan shekara daga allurar ƙarshe. Wasu na ƙara ƙiba, kuma tana ɗan rage ƙarfin ƙashi muddin ana yi. Mai son ƙara haihuwa nan kusa, ba tata ba ce. Ga mai sikila kuwa tana cikin zaɓin da aka fi so.

Ashanar hannu, Jadelle ta shekara biyar ko Implanon ta shekara uku, ta ƙware wajen hana ciki, amma kada a sa ta da sunan gyaran al'ada. Rikicewar jini ita ce babban dalilin da mata ke dawowa a cire musu ita.

Robar mahaifa iri biyu ce, a nan ake yawan kuskure. Mai jan ƙarfe, wadda ta fi yawa a asibitocinmu, babu homon a cikinta, kuma ƙara jini da ciwon mara take. Mai matsala irin ta ƙanwarki in aka sa mata ita, an gudu ba a tsira ba. Ɗayar mai homon ce, Mirena ko Avibela, tana sakin furojestaron kaɗan-kaɗan a cikin mahaifar kanta, abin da ke shiga jini bai taka kara ya karya ba. A wurina ita ce ta fi duk abin da aka lissafa ga mai yawan jinin da ba ta neman ciki yanzu: bayan 'yan watanni jinin kan ragu da kamar kashi 80 zuwa 90 cikin 100, tana aiki aƙalla shekara biyar, ba mantuwa, in aka cire haihuwa ta dawo. Sawa mintuna kaɗan ne, an fi so cikin kwana bakwan farko na al'ada, a dawo a duba zaren bayan sati huɗu zuwa shida. Aibinta biyu: ɗigon jini na wata uku zuwa shida, sannan in faibiroid ya karkatar da ramin mahaifa ba ta zama, jini mai ƙarfi na iya turo ta waje. Shi ya sa hoto ke gaba da ita. A faɗi sunanta a fili a asibiti, a ce mai homon, don ba ko'ina ake da ita ba.

Ranar da jini ya jiƙa auduga guda duk awa har awa biyu a jere, ko jiri ya hana ta tsayuwa, ko zuciya na bugawa da sauri tana zufa mai sanyi, ko ciwo ya soke ta a gefe ɗaya na mara, ba a jiran safiya, ba a komawa kemis. Asibiti kai tsaye, da wanda zai iya ba da jini. Lambar gaggawa a Legas 112 ko 767.

'Yar Agege

Allah ya saka muku da alheri, yau na fahimci abin da muke wa kanmu. Mun je an yi awo da safe. Babu ciki. PCV 27. Hawan jini 150 bisa 95, ita kuma ba ta taɓa sanin tana da shi ba. Hoto sai jibi. Ta ce tana shan Alabukun in mara ta dame ta. Har yanzu tana kan Primolut ɗin, ta ajiye ne ko ta cika goman? Umarar fa, Likita? Saura kamar wata uku.

Likitan Mata

Hajiya, kada ta yanke wannan da kanta a gida. In ta ajiye yau jini zai zo cikin kwana biyu zuwa huɗu, kuma mai PCV 27 ba ta da rarar da za ta zubar. In ta ci gaba, ga hawan jini. Gobe ta je asibiti da kwalin a hannu, kada ta jira hoton. Mai yiwuwa a canja mata zuwa Provera, wanda jiki ba ya juya shi zuwa istirojin, a kuma tanadar mata tranexamic acid don ranar da jinin zai zo. Alabukun kam ta daina daga yau.

Awo ɗaya ba ya tabbatar da hawan jini. A sake a ranaku biyu ko uku daban, tana zaune ta huta minti biyar, hannu a kan tebur. In ya tsaya a 140 bisa 90 ko sama, ƙwayar haɗi ta fita daga lissafi, Primolut N na jinkirta haila ma haka. Mefenamic acid da ibuprofen su ma suna ɗaga hawan jini, ta riƙe farasitamol kafin a tantance. Robar da Sista ta faɗa ba ta da wannan matsalar, in hoto ya ba da dama. Sai dai in aka sa ta yanzu, watannin ɗigonta na iya faɗawa kan tafiyar. Wannan a gaya mata kafin a sa, ta zaɓa.

Ƙarin jini: ferrous sulphate miligiram 200, ƙwaya ɗaya a rana, ko rana ɗaya a tsallake ɗaya in yana damun cikinta. Sha uku a rana bai cika ƙara komai ba sai taurin bayan gida. Da ruwa ko lemon zaƙi, ba da shayi ko madara ba, su suna hana jiki ɗauka. A bar awa biyu tsakani. Bayan gida zai yi baƙi, ba komai. A sake PCV bayan sati huɗu, kuma ko ya dawo daidai a ci gaba da sha wata uku don rumbun sinadarin a jiki ya cika. In bai motsa ba akwai na ƙarin ruwa a jijiya. Zoɓo da maltina da madara ba za su ɗaga 27 ba.

Jinkirta haila, ga wadda ba ta da abin da ya hana: ana fara Primolut N kwana uku kafin ranar da ake sa ran jini, ƙwaya ɗaya sau uku a rana, kada ya wuce kwana 10 zuwa 14, jini ya zo kwana biyu zuwa uku bayan an ajiye. Ki lura da abu biyu a nan. Sai mace ta san ranarta, ƙanwarki kuwa yanzu ba ta da rana. Kuma kwana 14 ba ya rufe azumi talatin. Masu sha wata guda cur sukan ƙare da ɗigo, kumburin ciki, ciwon kai da nauyin mama. Mai azumi ma ba ta iya raba shan daidai: buɗa-baki, kafin barci, sahur, sai tazarar wuni ta sama da awa 13, a nan ɗigon ke ɓullowa. Wadda dama take kan ƙwayar haɗi nata ya fi sauƙi, ta tsallake bakwan ƙarshe ta buɗe sabon fakiti. Wadda za ta fara ta don Hajji ta fara wata biyu zuwa uku kafin tashi, ba a sansanin alhazai ba. Allura dab da tafiya ita ce mafi munin zaɓi.

Tafiyar kanta na ƙara haɗarin gudan jini: zaman jirgi daga Ikeja zuwa Jidda, zafi, ƙishirwar azumi. Haka doguwar motar Legas zuwa Kano. Mai shan homon ta riƙa miƙewa, tana juya ƙafa, ta sha ruwa sosai daga buɗa-baki zuwa sahur. Kumburi da zafi a sharaɓar ƙafa ɗaya, ciwon ƙirji, numfashi na yankewa, ciwon kai irin wanda ba ta taɓa yi ba, gani ya dushe ko magana ta harɗe: a daina maganin, a nemi asibiti a lokacin.

Ita Umara, ɗawafi da sa'ayi aikin 'yan awoyi ne. Mai zaman kwana goma a Makka, in aka dawo da al'adarta kwana biyar ko shida cikin wata ukun nan, za ta sami ranakun tsarki ba tare da ta jinkirta komai ba. Nan za mu sa ƙarfinmu.

Malamar Islamiyya, Idi-Araba

Allah ya ƙara ilimi, Likita. Hajiya, kin ambaci rikicewar sallah, kada a bar ta da shi. A Malikiyya, mai al'ada sananniya tana ɗaukar mafi tsawon kwanakin da ta saba, ta ƙara uku, muddin jimillar ba ta wuce 15 ba. Abin da ya biyo baya istihala ce: ta yi wanka, ta yi sallah, ta yi azumi. In jinin yankewa yake yana dawowa kamar nata, kwanakin jini kaɗai take tarawa har su cika lissafin, ranar da ya ɗauke kuma ta yi wanka ta yi sallah. Sai an sami kwana 15 na tsarki kafin a ƙirga sabon jini a matsayin wata haila. Azumin da haila ta ci ramawa ake, ba laifi a kanta.

Ta sami kalanda ko ƙaramin littafi, kowace rana ta rubuta: jini ko tsarki, auduga nawa, ƙwaya nawa ta sha. Ta fara da abin da take tunawa na watan nan. Shi za ta nuna wa likita gobe, shi kuma za ta kawo wa malamar unguwarku a ƙirga mata sallolin da ke kanta.